Filin da Ƙaramin Jirgi Zai Yarda da Shi: Jagora ga Mutanen Karkara

Jiragen sama na farko da suka shigo Nijeriya ba su tarar da kwalta ba. Guda uku ne na sojan saman Ingila, ƙirar DH.9A, da suka taso daga Masar suka sauka a wani filin dawaki a Kano ranar 1 ga Nuwamba, 1925. Kowannensu tayoyi biyu gare shi a gaba, sai ɗan madogari a ƙarƙashin wutsiya yana jan ƙasa, hanci a ɗage kamar zakara zai yi cara. Shekara ɗari bayan haka, manyan jirage duk sun mayar da taya ta uku hanci, amma jirgin da aikinsa shiga daji ne bai bar waccan tsayuwa ba. Dornier Do 27 ta Jamus, wadda ke cikin jiragen da rundunar sojan saman Nijeriya ta fara aiki da su a Kaduna bayan kafa ta a 1964, irinsa ce. Irinsa ne kuma ake ɗaukowa a yi wa jan-baki feshi in sun addabi gonakin shinkafa da gero. Mishan ɗin SIM, wanda ya buɗe tasha a Kwoi tun 1910, a da yana da ƙananan jirage a Jos masu kai likita da magani karkara, kuma asibitinsa na Galmi a Nijar yana da filin sauka na ƙasa dab da shi, inda jirgi ya saba zuwa daga Yamai.

Daga nan Kagoma, a kudancin Kaduna, zuwa Jos, in an miƙe ta sama, tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba. Ƙaramin jirgi mai gudun kilomita 200 a sa'a kusan rabin sa'a zai yi. Wanda ya taɓa tallabe mace mai doguwar naƙuda a bayan mota cikin ruwan Agusta ya san darajar wannan rabin sa'a. Sai dai mu a wannan ƙasa ba ma ɗaukar maganar jirgi da wasa. Gwamna Patrick Yakowa ɗan Fadan Kagoma ne, a haɗarin jirgi mai saukar ungulu ya rasu a Bayelsa ranar 15 ga Disamba, 2012, kuma nan gida aka kawo shi aka binne. Saboda haka wannan jagora ba ta koyon tuƙi ba ce. Tuƙi sai a makaranta irin kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, da malami a kusa. Na rubuta ta ne don ƙungiyar ci gaban gari, ko asibiti, ko coci, ko ƙungiyar manoman citta da ta yi tunanin share fili wata rana jirgi ya sauka. Rabin aikin sauka su ne za su yi shi, tun matuƙi bai tayar da inji ba.

Ku fara sanin halin baƙon

A mugun fili, tayar hanci ita ce raunin jirgi. Doguwa ce, siririya, nauyin inji na kanta. In ta faɗa rami ta lanƙwashe, farfela ta ci ƙasa, inji ya tashi aiki. In aka mayar da ita wutsiya sai ta zama 'yar ƙarama mara nauyi, hanci ya ɗaga, farfela ta nisanta da tsakuwa da doguwar ciyawa. Tayoyin gaba kuma akan sa musu masu ƙiba, iska kaɗan, yadda za su haɗiye dutse maimakon su yi tsalle a kansa.

Amma wannan tsayuwa tana da nata bashin. Cibiyar nauyin jirgin tana bayan manyan tayoyi, don haka a guje a ƙasa kullum wutsiya so take ta wuce hanci. Ka ɗauka Keke Napep ne kake kora da baya, a gudun kilomita 70. Ya ɗan karkace kaɗan, in ba a tare shi nan take ba, karkacewar ƙaruwa take har jirgin ya yi juyin katantanwa, fiffike ya daki ƙasa. Da ƙafafu matuƙi ke hana wannan, yana taka feda biyu masu juya allon wutsiya, kuma ba ya hutawa sai jirgin ya tsaya cik. In ya danna birki da ƙarfi, jirgin kifewa zai yi ta hanci. Sannan da wutsiya a ƙasa ba ya ganin abin da ke gabansa sosai, shi ya sa za ku ga yana tafiyar maciji, dama da hagu, yana leƙe ta tagar gefe. Iskar gefe, da taya ɗaya cikin laka ɗaya a kan tauri, da yaro ko akuya a gaban hanci: waɗannan ukun su ne abokan gabarsa, kuma biyu daga ciki a hannun mutanen ƙasa suke.

Sirrin sauka a gajeren fili kuwa ba gudu ba ne, rashin gudu ne. Fiffiken irin waɗannan jirage faffaɗa ne, yana da leɓe a baya da ake saukewa, wasu har da wani a gaba da ke buɗewa da kansa, don iska ta ci gaba da riƙe su suna tafiya sannu. Piper Super Cub, mai kujera biyu da ya fito a 1949, yana iya zama a sama a gudun kusan kilomita 70 a sa'a, gudun ɗan acaɓa ke nan. Helio Courier yakan sauko har kusan 50. Cessna 185, wadda aka ƙera daga 1961 zuwa 1985, ta fi su buƙatar fili amma tana ɗaukar mutum shida, ita ce jakar dawainiyar mishan da masu aikin daji a ƙasashe da yawa. Nisan da jirgi ke ci kafin ya tsaya yana bin gudu ne sau gudu: in ya ƙara kashi 10 cikin 100 a gudun sauka, fili zai ƙaru da kashi 21.

Kuna iya ganin bidiyon gasar Valdez ta Alaska a Facebook, jirgi ya tashi a 'yan taku kaɗan. Gaskiya ne, ba siddabaru ba. Amma jirgi ne da aka cire masa duk wani nauyi, mutum ɗaya a ciki, mai ɗan kaɗan, a bakin teku, cikin sanyi, iska na bugo shi ta gaba. Kada wani ya auna filin Kagoma da wannan.

Lissafin tsawon fili

Nan ne na fi so a zauna, domin nan ake yawan ruɗuwa. Kowane jirgi yana da littafinsa da ya faɗi mita nawa yake buƙata ya tashi har ya haye abu mai tsayin mita 15. Amma adadin da ake talla da shi na sabon jirgi ne, a kan busasshen fili mai tauri, a daidai tsayin teku, da zafin digiri 15. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da muke da shi.

Yankin Kafanchan ya ɗara teku da mita 700 da wani abu. In ana hawa sama iska raguwa take da kauri, in ta yi zafi ta ƙara sakewa. Iskar da ba ta da kauri tana cutar jirgi ta fuska uku: inji ba ya samun numfashi sosai, farfela ba ta samun abin kamawa, fiffike kuma sai ya ƙara gudu kafin ya ɗaga. Hukumar jiragen sama ta Birtaniya tana da wani sauƙaƙƙen ƙiyasi da take ba matuƙan ƙananan jirage. Kowane mita 300 na tsayi yana ƙara kashi 10 cikin 100 a nisan tashi. Kowane digiri 10 na zafi, wani kashi 10. Busasshiyar ciyawa kashi 20, jiƙaƙƙiya kashi 30. Ƙasa mai laushi kashi 25 ko fiye. Bayan duk wannan a ƙara sulusi don ko-ta-kwana. Kuma ba tarawa ake yi ba, kowane ƙari a kan na bayansa yake hawa.

A ce littafi ya ce mita 300. Tsayin ƙasarmu ya mayar da shi kusan 380. Ranar Maris ce da tsakar rana, zafi ya kai digiri 35, ya zama kusan 460. Ciyawa ta kai shi 550. Sulusin ko-ta-kwana ya kai shi kusan 740. Jirgin bai canja ba, matuƙin bai canja ba, amma fili ya ninka fiye da sau biyu. Shawarata ita ce, kada a fara sara sai an sami matuƙin da zai riƙa zuwa ya yi wannan lissafi da littafin jirginsa, kuma in wuri ya ba da dama a nemi mita 800 zuwa sama. Wani abin lura: jirgi yakan iya sauka a filin da ba zai iya tashi daga cikinsa da kaya ba. Da nisan tashi ake yanka fili.

Zaɓen wuri da gyaransa

Jirgi yana son ya fuskanci iska, sauka da tashi. A ƙasarmu iska biyu ce babba: ta hunturu daga arewa maso gabas, ta damina daga kudu maso yamma. Shi ya sa titin jirgin Kaduna da na Kano da na Abuja duk a wannan layi suke kwance. Ku bi su, sai dai in tsofaffin wurin sun ce wani dutse ko kwari yana karkata iskar. Su suka san inda guguwa ke kwashe jinka.

Sai ku tsaya a kowane ƙarshe ku dubi sama. Ƙa'idar da ake bi ga ƙaramin fili ita ce ɗaya cikin ashirin: duk abin da ya kai mita ɗaya a tsayi ya nisanci bakin fili da mita 20. Ɗorawa ko mangwaro mai mita 15 ke nan sai ya kasance mita 300 daga baki. Itace ana ganinsa, ana kuma iya sasantawa da mai shi. Abin da ya fi ba ni tsoro wayar lantarki ce, domin daga sama ba a ganinta sam. Ita da dogon ƙarfen kamfanin waya, in suna kan layin shigowa, a sake wuri. Kada kuma fili ya nufi dutse kai tsaye. Iskar da ta gangaro daga tsauni irin na Kagoro a hargitse take, kuma da safiyar damina gajimare kan lulluɓe kansa.

Gangare kaɗan ba laifi ba ne, har yana taimakon ruwa ya wuce. In ya yi yawa, fili ya zama mai ƙofa ɗaya: a sauka ana hawa, a tashi ana gangarowa, ko ina iska take. Wannan hukuncin matuƙi ne.

Faɗin wurin gudu ya kai mita 18, sannan a share gefe da gefe har mita 30 daga tsakiya, babu kututture, babu dutse, babu rami mai zurfi. Ƙasarmu ta fi ta Kano ruwa nesa ba kusa ba, saboda haka a guji fadama ko da ta fi ko'ina shimfiɗuwa. A nemi tudu mai marmara, a yi masa ɗan doro a tsakiya, a ja magudanar ruwa mara zurfi can nesa a gefe.

Aikin da ke cin rai shi ne na abin da ke ƙarƙashi. Tsohuwar gonar citta ko doya, in an baje kunya, ido zai ga ta yi sumul, amma ƙasar da aka cike kwari da ita ba ta zauna ba. Ruwan farko zai mayar da ita tudu da kwari. A daɓe ta, a bar damina guda ta bi ta kanta, a sake cikewa. Kututture a tono shi da saiwa, don saiwar da aka bari ruɓewa take ta bar kogo. Suri kada a sare kansa kawai a tafi, a haƙa har gindi a cike da marmara a daɓe, a kuma riƙa dawowa duba shi, gara ba ta saurin haƙura. Ramin gafiya ma haka. Ciyawa ana sonta, domin tana riƙe ƙasa tana hana ƙura, amma mai rarrafe irin kiri-kiri, a riƙa yanke ta kada ta wuce tafin hannu. Gamba da tofa a tumɓuke su. Gamba dunƙulewa take a gindi, kowane dunƙule kuma dutse ne ga taya.

Alamar iyaka a yi ta da abin da ke kwance: faffaɗan dutse da aka binne daidai da ƙasa aka shafa masa farar ƙasa, duk bayan mita 50. Ba turke, ba ganga. A gefe guda, inda iska ba ta da shamaki, a kafa sanda a rataya doguwar jakar yadi mai launin lemo, baki buɗe, ƙarshe buɗe, tana juyawa. Ita ke gaya wa matuƙi inda iska ta fito da ƙarfinta. In an gama, a sami mota a kori filin daga wannan kai zuwa wancan a gudun kilomita 60, a kan layi uku ko huɗu. Duk inda direba ya ji dole ya ɗaga ƙafa, a soka kara a wurin a dawo masa da fatanya.

Izini

Fili ba ya zama filin jirgi don an share shi. Sai hukumar kula da jiragen sama, NCAA, ta duba ta amince, kowace tafiya kuma sai matuƙi ya sanar da hukumar kula da sararin samaniya, NAMA. Kafin a kai ga Abuja, a fara da gida: masu gonaki a rubuce, dagaci da hakimi da fada, makiyaya in akwai burtali kusa, sannan 'yan sanda da sojoji. A watan Maris na 2021 gwamnatin tarayya ta hana jirage shawagi a sararin Zamfara saboda matsalar tsaro. A yanayin da muke ciki a kudancin Kaduna, jirgin da ya sauka ba da sanin kowa ba tsoro da jita-jita zai haifar, kuma yana iya jawo wa gari abin da ba a nema ba.

Ranar zuwan jirgi

A naɗa mutum ɗaya mai kula da fili, mai waya, wanda ba ya jin kunyar cewa a'a. Kafin jirgi ya taso zai gaya wa matuƙi abu huɗu: yaushe aka yi ruwan ƙarshe, yaya ƙasa take, ina iska ta nufa, kuma ina ne iyakar ganinsa. Don na ƙarshen, tun da wuri a auna nisan wasu duwatsu ko dogayen itatuwa, yadda ranar hazo zai iya cewa yana ganin na kilomita uku amma na biyar ya ɓace. Ƙasa kuwa ya taka ta da dunduniya a wuraren da ya san ruwa na kwanciya. In ta nutse, ta nutse.

Nan ne zuciya ke shiga. Mara lafiya na kwance, danginsa na tsaye a kanka, kai kuma ka san in ka ce fili ya jiƙe jirgi ba zai zo ba. Ka faɗi gaskiya duk da haka. Matuƙin da ya yarda da kai ya sauko cikin laka, jirgi ya kife, to an sami mutum biyu ko uku da ke buƙatar asibiti, kuma babu abin da zai kai su. A nemi mota tun da wuri, ko a jira rana ta busar da fili. Da damina safiya ta fi, domin hadari ya fi haɗowa da yamma. Da bazara ma safiya ta fi, saboda sanyin iska.

Sa'a guda kafin isowa, matasa su jeru kafaɗa da kafaɗa su taka filin duka, suna tsince dutse, gwangwani, igiya da leda. A sa mutum a bakin kowace hanyar ƙafa da ta ratsa, ya tare babur da masu ɗauko itace. Awaki, aladu da karnuka a ɗaure su a gida, shanu a kora su nesa, don belbela na biye da su. Juji da mahauta ma ba su da wuri kusa da fili, shirwa da ungulu suke tarawa. Yara za su zo, babu mai hana su, to a ja musu layi can baya a sa manya su tsare.

Jirgin zai fara wucewa ƙasa-ƙasa ba tare da ya sauka ba. Dubawa yake, kowa ya tsaya inda yake. In wani abu ya faru bayan ya taso kuma waya ta ƙi, a shimfiɗa farin yadi biyu a gicciye a kowane ƙarshen fili a danne da dutse; duk matuƙin duniya ya san ma'anarta kada ka sauka. In ya duba ya juya ya tafi, ba raini ba ne, wani abu ya gani.

Bayan ya sauka, babu mai matsawa sai farfela ta tsaya kuma matuƙi ya yafito. Farfela in tana juyawa ba a ganinta. Ko a tsaye take kada a taɓa ta, domin wutar irin wannan inji ba ta dogara da batir ba, juyi kaɗan na iya tayar da shi. Kada a jingina da wutsiya ko a tura jirgi ta inda aka ga dama. Wasu, irin Super Cub, jikinsu yadi ne aka ɗame aka shafe da fenti. In zai kwana, a ɗaure fukafukai biyu da wutsiya a turaku masu zurfi, a sa mai gadi. Jirgin da ke tashi a gudun kilomita 70, iskar hadari kaɗai ta isa ta ɗaga shi.

Mansa ma daban ne. Yawancin waɗannan injuna wani fetur na musamman suke sha, 100LL, mai launin shuɗi, ba na gidan mai ba, ba kuma kananzir ɗin manyan jirage ba. Yana wuyar samu a Afirka ta Yamma, saboda haka matuƙi yakan zo da man komawarsa a tanki, kuma kowace lita kusan gram 720 ce da aka rage daga kayan da zai ɗauka. Taba da wuta su yi nesa.

Sikelin da ake auna buhun citta da shi, a kawo shi bakin fili. Mutum da jakarsa duk a auna, a faɗi adadin yadda yake. Ƙarin kashi 10 cikin 100 a nauyi yana ƙara kashi 20 a nisan tashi, kuma kaya in sun taru a baya jirgi ba ya jin linzami. Matuƙi ne zai ce wa zai zauna ina. In ya ce mai jinya ɗaya ne zai bi, ko ya sauke buhu, kada baba ko kawu ya sa baki da roƙo. Galan ɗin fetur, tukunyar gas da batirin mota kada a ɓoye su cikin kaya.

Da zai tashi, zai je can ƙarshen fili ya juyo, ya ɗan tsaya yana gwada inji. Kowa ya koma bayan layi, a riƙe hula da mayafi. Zai ba shi wuta, wutsiya ta fara ɗagawa, ya ɗan yi gudu a kan tayoyi biyu, sannan ya bar ƙasa. Masu tsaron hanya kada su saki wurarensu, su ƙara minti goma bayan ƙarar ta ɓace, don in inji ya yi gardama nan zai dawo. Mai kula da fili ya rubuta lokacin tashi da yawan mutanen da ke ciki, ya buga wa masu jira a Jos su kawo mota bakin filin jirgin Heipang, sannan ya ɗauki fatanya ya bi sawun tayoyin ya cike duk inda suka yi rami.